Rijiyar da Na Wanke da Omo

Abubuwa da yawa sun fita kaina a shekarun nan, har da sunayen wasu da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma safiyar da masu binciken ruwa suka zo gidanmu a unguwar Derrière la Prison, wannan ko na so in manta ba za ta ƙyale ni ba. Ni ba mai ilimi ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Allo na riƙe a Maraɗi, shi ma ban yi nisa ba. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ta taga na san ta. Abin da na iya shi ne tuƙi. Kamiyo nake ja, babbar motar kaya, ina kwasar katako da siminti da yashi daga Oloumi in kai wa masu gini. Kaina ya yi furfura a kan titunan Libreville, gwiwoyina sun fara ƙara in na tashi daga sujada. Mutum mai shekaruna bai kamata a ce ya tsaya gaban taro yana neman inda zai sa fuskarsa ba. To, ni na tsaya.

Gidan da muke haya na mutane da yawa ne, 'yan Nijar da 'yan Kamaru, ɗaki-ɗaki, kowa da iyalinsa. Katanga ɗaya ce ta raba mu da wani gidan mai. (Ba zan faɗi sunansa ba, ya ma canza hannu tuntuni.) A tsakar gida akwai rijiya, ba ta da wani zurfi, don ƙasar nan ko kaɗan ka tona ruwa zai tare ka. Baba Sanda ne ya haƙa ta da ƙuruciyarsa, wani dattijo mutumin Garwa da ya fi kowa daɗewa a gidan. Shi ne babbanmu, shi ake kai wa ƙara, shi ke jan mu sallah. Duk wanda ya zauna garin nan ya san halin famfo, yau akwai, gobe sai ya wuni yana tari babu ko ɗigo. Saboda haka rijiyar nan ita ce rufin asirinmu. Wanka, wanki, alwala, wanke-wanke, in abu ya matsa har a tafasa a sha.

Sannu a hankali ruwan ya fara wari. Da farko muka ce guga ne, aka canza guga. Daga baya in ka leƙa sai ka ga wani abu yana yawo a saman ruwan, mai launi-launi kamar wuyan tantabara. Mata suka fara kukan ciwon kai. 'Yata Rabi jikinta ya feso da ƙuraje, tana susa har sai ta ga jini. Ƙasar gindin katanga kuwa ta koma baƙa ƙirin, in ka damƙo ka sansana, fetur ne, ba wani kwana-kwana. Ni da na ƙare rayuwata ina shaƙar mai ba sai an gaya mini ba. Muka daina ɗiba. Mata suka koma sintiri da bido (jarka, in ji mutanen Najeriya) zuwa wani famfo can ƙasan gangare, su sauka da wayewar gari su hauro suna haki.

Baba Sanda ya ce in raka shi wurin manajan gidan man. Mutumin bai ko ce mu zauna ba. Ya saurari Baba yana danna waya, sannan ya ce, "Tankunanmu na ƙarƙashin ƙasa lafiyarsu ƙalau. Ku je ku dubi gidanku. Ku nawa ne a ciki? Direbobi, makanikai, kowa na zubar da baƙin mai inda ya ga dama. Ƙazantarku ce ta koma muku cikin rijiya."

Faransancina na kasuwa ne, amma kalmar ƙazanta na gane ta sarai. Kuma da ya faɗe ta, rigata ya kalla, wadda take da tabon girisi a ƙirji. Maganar nan ta zauna mini a wuya. Ina tuƙi ina jin ta, ina cin abinci ina jin ta.

Baba ya ja hannuna muka dawo gida. Sai ya shiga bin ofisoshi. Mu baƙi ne, takardar zama muke sabuntawa, ba ma son hayaniya da kowa, don haka babu maganar taruwa a yi ihu a ƙofar gidan mai. Tsohon nan shi kaɗai, da ƙafafunsa masu kumburi, ya dinga hawa taksi yana zaman benci, a ce masa gobe, gobe ta yi a ce shugaban ya yi tafiya. Har ran nan ya dawo fuskarsa a sake, ya tara mu bayan La'asar ya ce an sa rana. Litinin masu bincike za su zo su ɗebi ƙasa da ruwa. In suka tabbatar man da ke rijiyarmu daga tankin maƙwabtanmu yake, za a tilasta musu su tone shi, kuma su riƙa kawo mana ruwa mai kyau. In ba su ga komai ba, magana ta mutu, sai mu ci gaba da hawan gangare.

Ranar Lahadi aka yi sunan jikan Baba a London. (Unguwa ce a nan garin, ba ta Turawa ba, taksi ɗaya ke kai mutum.) Gida ya watse tun safe, maza da mata. Ni na ce bayana na ciwo, kuma da gaske yana ciwon. Na fito da tabarma na zauna ƙofar ɗaki, ni kaɗai, sai na shiga kallon tsakar gidan nan da idon baƙo. Ga baƙar ƙasa a gindin katanga. Ga bakin rijiya duk gansakuka. Ga warin nan da mun saba da shi har mun daina ji. Na ce a raina, gobe manyan mutane za su shigo, manajan nan yana biye da su, zai toshe hanci ya ce ba na gaya muku ba?

A garinmu in manyan baƙi za su zo, ba a barin su su tarar da gida haka. A share, a yayyafa ruwa, a zuba sabon rairayi. In rijiya ta ɓaci kuwa yashe ta ake yi, kuma na yi aikin yasa da samartaka, na san kansa. Kada ku ce ban yi tunanin man ba, na yi. Lissafina shi ne, ai na'urar mutanen nan ta Turai ce, duk inda mai ya ɓuya za ta zaƙulo shi. Nawa aikin shi ne in gyara abin da ido ke gani. (Haka kaina ya ba ni, kuma a lokacin har ina jin na fi kowa a gidan hangen nesa.)

Na tuɓe riga na fara ja da guga ina zubarwa a kwata. Da ruwa ya yi ƙasa na zura tsani na sauka. Ban daɗe ba idona ya fara yaji, kaina ya ɗauki juyawa, na ji kamar ana kaɗa ganga cikin kunnena. Da ƙyar na hauro na kwanta a ƙasa ina maida numfashi. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na sha ruwa na koma. Na goge bangon rijiyar nan da buroshi da omo, tun daga ƙasa har baki. Na kwashe laka. Da na gama na juye kwalbar jabel guda, irin wanda mata ke sa wa farin kaya, na jefa alif don ruwan da zai tsattsafo ya kwanta garau.

Sai na koma kan ƙasa. Na kankare baƙar nan da shebur, na loda a kamiyo, na kai Oloumi na cike wani rami da ke kan hanya bayan garejin makanikai, wanda ya daɗe yana cin tayoyinmu. Har ina cewa Allah ya sa a mizani. Na ɗebo ragowar farin yashi na gini, na dawo na shimfiɗe tsakar gida da shi, na bi da tsintsiya na yi masa zane.

Mata suka dawo gab da Magariba suka yi turus a bakin ƙofa. Wata ta rangaɗa guɗa. Mai ɗakina ta dube ni ta dubi gidan, ta ce, "Baban Rabi, kai da ka ce bayanka na ciwo? Yau kam ka fitar da mu kunya." Shekara nawa rabon da ta yaba mini a gaban mutane, ban ma iya tunawa. Baba Sanda bai dawo ba, ya kwana gidan ɗansa, aka ce daga can zai wuce ofis ya taho da baƙin.

Da safe na sa kayana na Jumma'a, farar shadda da hula. Na ce wa mai ɗakina ta zuba garwashi a kasko ta sa turaren wuta a bakin rijiya, don in akwai sauran wari ya danne. Maƙwabta suka cika ƙofar gida, har da waɗanda ba ma gaisawa.

Farar mota ta tsaya. Shugabar masu binciken mace ce, 'yar ƙasa, ba ta kai ni shekaru ba, da takalmin roba har gwiwa da hular kwano. Madam kowa ke ce mata. Bayanta ma'aikata ɗauke da akwatuna, sai manaja, sai Baba Sanda yana dogara sanda. Baba ya sako ƙafa cikin gida ya tsaya cak. Ya dubi farin yashi, ya dubi gindin katanga, bakinsa ya ɗan buɗe. Ni na ɗauka mamakin kyau ne, har na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Abin da Madam ta fara gani kaskon wuta ne. Ta daka wata tsawa da sai da kaji suka watse. Wani ma'aikacinta ya suri kaskon da gudu ya yi waje da shi. Na ce a raina wataƙila ba ta son ƙamshin ne, mutanen nan ba su san turare ba.

Ta sa safar hannu, ta ɗauko wani bututu na roba da ake ganin cikinsa, ɗaure da igiya, ta zura a rijiya a hankali ta jawo. Ta ɗaga shi sama tana dubawa. Ruwa fari tas, ni kaina sai da ya burge ni. Ta toshe bakin da yatsa ta girgiza. Kumfa ta taso, irin ta bahon wanki. Ta kai hanci, ta runtse ido. Sannan ta yi tambaya, Baba ya fassara da wata murya da ban san shi da ita ba: "Ta ce wa ya taɓa rijiyar nan."

Jama'a, ba turo ni aka yi ba. Da ƙafata na fito tsakiyar fili, na dafa ƙirji, na ce da Faransancina na kasuwa, "Ni ne, Madam." Kuma ban tsaya nan ba. Na lissafa mata komai, yasa, omo, jabel, alif, ƙasar da na kwashe, yashin da na zuba. Na rufe da cewa ni kaɗai na yi, ba wanda ya kama mini.

Sai manaja ya tako, fuskarsa cike da fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. Ya ce, "Monsieur, na gode ƙwarai. Ka gani? In kun so, kun iya tsabta."

Hannuna na cikin nasa na gane. Ban san me na ɓata ba tukuna, amma na san mutumin nan ba zai gode mini a kan alherin gidanmu ba.

Madam ba ta sake ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta yi bayani dalla-dalla, Baba Sanda na juyawa da Hausa, a gaban matata da 'yata da duk unguwa. Tsohon da ya yi watanni yana zaman benci, shi aka bar wa aikin fassara mini wautata.

"Ta ce man da ke yawo a saman ruwa shi suka zo aunawa, su ga kaurinsa, su kai ɗakin gwaji a gwada shi da na cikin tanki. Ta ce ka zubar da shi a kwata." Ya ci gaba: "Ta ce ruwan da aka sa wa omo da jabel ba wanda zai karɓi sakamakonsa. Ta ce ƙasar da ka kwashe ita ce ke nuna ta inda man ya biyo." Madam ta ƙara wata magana tana nuna tsanin da ke jingine, Baba ya juya ta. "Ta ce da gaske ka shiga ciki? Ta ce mutane na mutuwa a rami irin wannan, ba su ko samun yin kira. Wutar da ka sa a baki kuwa, ta ce ka gode wa Allah."

Sai ta ce in kai ta inda na zubar da ƙasar. Haka muka yi jerin gwano zuwa Oloumi, ni a gaba cikin kamiyo da farar shaddata, farar mota na bina, manaja na bin ta. Muka tarar motoci sun bi ta kai sun daddanne ta, ta haɗe da baƙin man gareji. Manaja ya buɗe hannuwa ya ce, "Bayan gareji! Kowa ma na iya nuna wannan ya ce daga gidansa take." Madam ta tsuguna ta ɗebi kaɗan a kwalba, amma yadda ta kaɗa kai na san don kada a ce ba ta yi komai ba ne.

Ranar sun huda ƙasa a cikin harabar gidan man da wata na'ura mai kama da babban matoni, kuma ƙasar da ta fito tana wari. Manaja ya ce wannan ɗan abin da ke zuba ne in ana sauke mai, bai tsallaka katanga ba. Shaidar da za ta ƙaryata shi kuwa na wanke ta. Madam ta ce man zai dawo rijiyar da kansa in dai tankin na yoyo, amma su suna da aiki a wasu garuruwan, kuma dawowarsu sai an sake neman izini daga farko.

Matan da suka yi mini guɗa ranar Lahadi, su ne suka wuce ni washegari da bido a ka. Wata 'yar Marwa, Dada Asta, ta ɗan rage tafiya ta ce, "Malam, sannu da tsabta." Mai ɗakina kuwa ta zauna tana shafa wa Rabi magani, ta juya mini baya.

Bayan La'asar na sami Baba a kan buzunsa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi mini faɗa mana. Ka zage ni ko na samu sauƙi."

Ya ja carbi ya ce, "In ce me, Ɗan Maraɗi? Ni aka gaya wa a ofis kada a taɓa komai. Ban faɗa muku ba, don ban zaci akwai mai cikakken hankalin da zai shiga ramin nan ba." Sannan ya ce, "Gobe kai za ka kai ni ofis. Ƙafata ta gaji da taksi."

Haka aka sake sabon lale. Damina ta sauka, irin ta garin nan da ba ta san gajiya ba. Kullum kafin in tafi aiki sai na loda bidon gidan kaf a kamiyo na je na ciko, ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya ce na gode. Ranar zuwa ofis in ɗaga Baba in sa a gaban mota kamar yaro, in zauna kusa da shi a benci. A nan na ga abin da tsohon nan ya sha shi kaɗai a karon farko. Wani iyali suka gaji suka tashi daga gidan. Baba ya sa aka yi wa rijiyar murfin ƙarfe da kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya ce a gaban kowa, "Ba don yara na sa ba."

Ran da ya buɗe don ya duba, warin fetur ya bugo mu, sai na ji hawaye. Ban taɓa murna da wari ba sai ranar.

Da masu binciken suka dawo, Madam na shigowa ta gane ni. Ta nuna mini benci da yatsa. Na zauna, na sa hannuwana tsakanin cinyoyi, ban motsa ba har suka tafi. Bututun nan ya fito da mai kwance a saman ruwa, ruwan ɗorawa, kaurinsa ya fi yatsa. Manaja bai gaisa da kowa ba ranar.

Daga baya aka tone tankin. Na leƙa ta kan katanga na gan shi, duk tsatsa, da huda a gindi. Aka fara aiko mana da motar ruwa. Rijiyar kuwa suka ce ba ta sake shayuwa, ƙasar wurin ta riga ta sha mai, sai an cike ta an rufe. Ni na ɗauko simintin a kamiyona. Baba Sanda ya sa aka fito masa da kujera, ya zauna yana kallo har aka shafe bakinta. Ba a daɗe ba 'ya'yansa suka maida shi Garwa, ƙafafun sun ƙi ɗaukarsa, kuma can ya cika. Allah ya jiƙansa. Ko watannin zaman bencin da na ƙara masa su suka ƙarasa ƙafafun, ban sani ba. Ban tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Abin da na koya bai da yawa, kuma na biya shi da tsada. In wani ya yi maka ɓarna kuma za a zo dubawa, ka bar ta yadda take, ko warinta zai kashe ka. Kunyar ta mai ɓarnar ce. Ni na ɗauko tasa na wanke masa da omona, har na ƙara da turare. Yanzu in aka ce baƙi za su zo na miƙa hannu ga tsintsiya, sai mai ɗakina ta riƙe ta tukuna ta ce, "Tsaya, Baban Rabi. Na ziyara ne ko na bincike?"